Hukuncin Sarbeti a Gidan Alhaji Lawali

A gidan Alhaji Lawali da ke unguwar Birni a Damagaram aka ƙona sarbetin goge jiki a tsakar gida, wata Talata da hantsi, mutanen gida na tsaye suna kallo kamar an kama ɓarawo. Sarbetin shuɗi ne, ya sha wanki har gefensa ya fara zare. Na Wasila ne.

Wasila matar marigayi Garba ce, babban ɗan gidan. Ranar da ta fita takaba Alhaji ya kira ta zaure ya faɗa mata magana ɗaya. In tana son zama, ɗakinta na nan. In tana son komawa garinsu Zermu, ba mai riƙe ta. Amma Hajara, 'yar da Garba ya bari, jinin gidan ce, ba inda za ta. Wasila ta zauna. Ta ɗauki daka da girki da wanki da shara, ba ta taɓa cewa ta gaji ba, domin duk wahalar yini tana ƙarewa ne a kan katifa ɗaya da 'yarta, yarinyar ta ɗora mata ƙafa a ciki. Shekara biyu ke nan ana haka, Hajara ta kai biyar.

Bayan kaka aka yi auren Nazir, autan gidan, wanda ke bin kamyo, babbar motar kaya, zuwa Agadas. A al'adar gidan, matar wa ita ke kai wa amarya ruwan wanka a safiyar farko. Wasila ta dafa ruwa, ta zuba turare, ta kai wa Aliya, amaryar. Kayan amarya kuwa duk suna kulle cikin akwatuna, ƙawayenta sun tafi da mabuɗi. Sai Wasila ta koma ɗakinta ta ɗauko sarbetinta, wankakke a ninke, ta miƙa mata. Hajiya Zainabu, matar Alhaji, ta yaba abin a gaban baƙi. Ta ce su gidansu haka yake tun kakanni, ba nawa ba naki, randa ɗaya moɗa ɗaya.

A makon nan Wasila ta tashi daga zazzaɓi, 'yan ƙuraje sun feso mata a gefen leɓe. Kowa ya gani, kowa ya yi mata barka, aka ce zazzaɓi ya fita. Ita kanta Hajiya duk damina sai nata sun fito, takan shafa man kaɗe ta ci gaba da cin goronta.

Kwana goma sha biyu da tarewa Aliya ta kasa tafiya daidai. In ta shiga makewayi sai an ji shesshekarta daga tsakar gida. Hajiya ta shiga ɗakin amarya ta duba ta, ta ga ƙuraje masu ruwa sun fashe mata a gaba. Ta fito ta aika a kira Nazir. Suka shige ɗakinta, aka saki labule, aka tura ƙyaure. Sun daɗe. Da suka fito Nazir ya sa takalmi ya nufi fadarsu ta shan shayi bai dubi kowa ba, Hajiya kuwa ta tsaya a tsakar gida ta riƙe ƙugu, ta tambaya da sarbetin wa amarya ta goge jiki ranar farko.

Wasila na kan turmi. Ta ce da nata ne.

Hajiya ta dubi leɓen Wasila, inda ƙurajen suka riga suka bushe har ɓawon ya faɗi, ta gyaɗa kai kamar wadda ta daɗe tana neman allura ta tsince ta.

Washegari Alhaji ya zauna a kan maganar. Ya ce shi ba jahili ba ne, yana sauraron rediyo, ya san cuta na bin kaya. Mutum ya goge baki da abu, wani ya goge jiki da shi, ai ba sai an kira lokotoro daga gidan likita ya yi bayani ba. Wasila ta ce a hankali, kanta a ƙasa, sarbetin wankakke ne, ya kwana biyu a ninke. Alhaji ya ce ai irin wannan cuta ta fi son wankakken kaya, shi ya sa ba a gane ta. Aka ɗauko sarbetin da sanda, aka zuba masa kananzir. Da wutar ta ci ta cinye, Hajiya ta ce alhamdulillahi, an kashe maganar.

Daga ranar aka ware wa Wasila kofinta, aka ɗiga masa jan fenti a gindi. Aka ware mata kwano da cokali da buta. Hajiya ta ce ba ƙyama ba ce, kiyayewa ce, kuma ita har ga Allah tana ɗaukar Wasila kamar 'yar cikinta.

Bayan mako biyu ƙurajen Aliya suka warke. Gida ya cika da murna. Alhaji ya faɗa wa abokan hirarsa a ƙofar masallaci cewa da ya yi lakwal, karatun boko, da yanzu shi ke duba marasa lafiya a garin nan. Nazir ya hau kamyo ya tafi.

Wata ɗaya da 'yan kwanaki ƙurajen suka dawo.

Aka sake zama. Tunda sarbeti ya zama toka, dole akwai wanda ya taimaka masa. Hajiya ta zagaya gidan tana duba kaya ɗaya bayan ɗaya, har idonta ya faɗa kan igiyar shanya. A kanta Wasila ke shanya zannuwanta, a kanta ake shanya na amarya. Aka kwance igiyar aka ƙona. Aka ɗaura wa Wasila tata a bayan garken awaki.

A wannan zaman ne aka yi wa cutar cikakken bincike, aka gano halinta. An gano tana bin moɗa, tana bin tabarmar da ake shimfiɗawa a inuwar bishiyar bedi, tana bin kujerar tsakar gida da faifan da ake rufe tuwo. An gano tana bin ludayi, saboda haka Wasila ba za ta ƙara raba abinci ba. Amma an gano ba ta bin taɓarya. Ba ta bin tsintsiya, ba ta bin gatarin faskare, ba ta bin bokitin da ake ɗebo ruwa daga famfo. Wanki ma da aka yi shawara a kansa, Hajiya ta ce sabulu na kashe ta, muddin dai ba sarbeti ba ne. Duk abin da ke da nauyi a gidan cutar ta ƙyale shi. Abin hutu kawai take bi.

Wasila ba ta yi musu ba. Ba ta iya musu ba tun tana yarinya. Takan gama aikinta ta ɗauki kwanonta ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta, Hajara ta zo ta zauna a cinyarta su ci tare. Wannan kaɗai ya ishe ta.

Magana ba ta zama a gida ɗaya a Birni, katangu sun yi kusa da juna. Matan da ke zuwa kitso wurin Wasila ranar Alhamis suka daina zuwa. Wata ta aiko a karɓo mata tsinken kitsonta da ta manta, da aka kai mata ta ce a jefa a masai. Iya Gana, tsohuwar da ke maƙwabtaka da su, wadda ba abin da ke wuce ta a unguwa, ta riƙa shigowa kullum yi wa Hajiya jaje. Takan tsaya nesa ta gaida Wasila da ƙarfi kamar mai gaida kurma, ta tambaye ta ya jiki. Wasila ta ce lafiyarta lau. Iya Gana ta juya ta ce wa Hajiya ai masu ita haka suke cewa.

Leɓen Wasila kuwa tun tuni ya koma sumul, ko tabo babu. Hajiya ta ce wannan ya fi haɗari, cutar ta shige ciki ke nan.

Da zafi ya shigo ƙurajen Aliya suka dawo karo na uku. Wannan karon ba a sami abin ƙonawa da wuri ba. An duba buta, an duba takalman shiga makewayi, duk a ware suke. Hajiya ta zauna tana tunani, sai ga Hajara ta fito daga ɗakin uwarta da gudu ta faɗa jikin Aliya tana wasa da 'yan kunnenta.

Da la'asar Hajiya da kanta ta shiga ɗakin Wasila, ba ta taɓa komai ba, ta nuna da baki a tattara kayan yarinyar. Ta ce ba wai yarinyar ta kamu ba, Allah ya kiyaye, jinin Garba mai ƙarfi ne. Amma tana ɗauko abu a riga tana kai wa mutane. Daga yau a ɗakin kakarta za ta riƙa kwana, a can za ta ci, a can za a yi mata wanka. Uwarta na iya ganinta, ai gida ɗaya ne, ba wanda ya hana kallo.

Wasila ta ce, "Hajiya, ba ta iya barci sai ta riƙe bakin zanena."

Hajiya ta ce, "To ai kin ji. Zanen ma."

Kwana uku yarinyar na kuka. A na huɗu ta daina, ta koma tsayawa a bakin ƙofar kakarta da yatsa a baki, tana kallon uwarta na daka a ɗaya gefen. In ta taka zuwa wajen turmi sai a daka mata tsawa. Kitson kanta ya tsufa ya warware, Hajiya ta ce hannunta na ciwo, a bari sai an sami mai yi. Wasila, wadda rabin 'yan matan unguwar sun taɓa sa kai a cinyarta, tana kallon kan 'yarta ya cukurkuɗe daga taku goma. Ta fara ramewa. Iya Gana ta ce kun gani, cutar ta fara cin ta.

Cikin haka aka gane Aliya na da ciki. Ranar da za ta fara zuwa awo gwiwoyin Hajiya suka ƙi, Nazir kuma yana gari amma ya ce gidan likita wurin mata ne. Aka rasa mai raka ta. Aka sake duba halin cutar, aka gano ba ta bin rakiya, in dai mai rakiyar na tafiya a baya.

Ungozomar da ke awo mace ce mai jiki, mai fara'a, ana ce mata Madam. Ta duba Aliya, ta yi mata tambayoyi, sannan ta leƙo ta ce wadda ta rako ta ta shigo. Wasila ta tsaya a bakin ƙofa ta ce an hana ta zama inda Aliya ke zama. Madam ta tambayi dalili. Wasila ta ba da labarin sarbeti da igiya, a gajarce, tana jin kunya kamar ita ta ƙirƙiro shi.

Madam ta cire tabarau ta aje. Ta ce sunan cutar erpes. Ta ce ƙurajen leɓe irin na Wasila, in aka tara mutanen Damagaram aka bincika, mafi yawansu suna ɗauke da su tun suna yara, zazzaɓi ko zafin rana ke tayar da su. In suna ɗanye, kada mutum ya sumbaci yaro, kada ya ba wani jan bakinsa ko kofin da ya sha yanzu-yanzu, har su bushe. Iyakarta ke nan. Ƙwayar ba ta da rai mai tsawo a wajen jiki, ba ta kwana a wankakken sarbeti tana jiran amarya, balle ta bi igiya. Irin na Aliya kuwa jiki da jiki ne ke kawo shi, a shimfiɗar aure. Kuma in ya shiga ya shiga, yakan lafa ya dawo da kansa, ko da an ƙona gidan gaba ɗaya. Akwai maganin da ke sassauta shi.

Ta rubuta a karnen Aliya, ɗan littafin awonta, ta ce lallai mijin ya zo, domin in ƙurajen suka tashi lokacin haihuwa jariri na cikin haɗari, kuma akwai abin da za a shirya tun yanzu. Ta dubi Wasila ta ce, "Ke kuma je ki rungumi 'yarki."

A hanyar komawa, cikin lungun da ke bayan masu dukanci, Aliya ta tsaya har Wasila ta iso ta. Ta kama hannunta, karo na farko cikin wata biyar. Ta ce ita ta sani. Tun makon farko ta ga abin a jikin Nazir, ya ce zafin kujerar kamyo ne. Ta ce in ta buɗe baki za a ce ita ta zo da shi daga gidansu, a sake ta da ciki, kuma babanta mai hawan jini ne.

Ta ce, "Yaya, ki rufa mini asiri. Ke kin saba da haƙuri."

Wasila ta dubi hannun da ke riƙe da nata.

Wasila ta fara samun Hajiya. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta faɗi abin da Madam ta ce, ba ta ambaci sunan Nazir ba, ta ce dai an ce mai gidan Aliya ya je. Hajiya ta ce waɗannan 'yan lakwal ba su da aiki sai raba gidajen mutane. Ita ta haifi Nazir, ita ta yi masa wanka, ta san jikinsa. Yaron da ba ya wuce sallar asuba in yana gari. Ta ce kuma abin mamaki ne mace mai takaba jiya-jiya ta san irin waɗannan maganganu har ta iya maimaita su.

Sai ta sami Alhaji a zaure bayan azahar, shi kaɗai, yana jan carbi. Ta durƙusa nesa. Ta faɗi duk abin da ta ji. Ya bar ta ta kai ƙarshe, bai katse ta ba.

Ya ce, "Wasila, na yi miki kama da wanda bai sani ba?"

Ta ɗago kai.

Ya ce tun kafin ɗaurin aure ya sani. Shi ya tura Nazir Kano wurin wani lokotoro, aka ce abin ba ya warkewa, lafawa yake. An riga an raba goro, me za a ce wa mutane? Ya yi magana a hankali, ba faɗa, kamar mai ba 'yarsa shawara. Ya ce Nazir yaro ne, yana da sauran tafiya a gaba, sunansa shi ne sunan gidan. Ita kuwa Allah ya riga ya rufa mata asiri, ta yi aure, ta haihu, ba wanda take jira. Magana in ta zauna a kanta ba abin da za ta rage mata. Kuma ladan haƙuri ba kaɗan ba ne.

Ta ce, "Baba, 'yata nake so a mayar mini ɗakina. Ban nemi a wanke ni ba."

Ya ce in aka mayar da yarinyar mutane za su tambaya me ya canja. Ya ja carbi kamar sau goma. Sannan ya ce tunda ta fara yawo da magana daga gidan likita zuwa ɗakuna, gara ta je Zermu ta huta, ta sha iskar ƙauye. Jibi akwai mota. Batun Hajara kuwa, Wasila ta san maganar tun farko, ba sai ya maimaita ba.

Wasila ba ta da kaya masu yawa. Ta ɗaure su a zane biyu ta zauna a kansu. Ta yi kuka har ya ƙare, sannan ta zauna tana kallon tsakar gida ta ƙofa, inda baƙin wutar da aka yi har yanzu bai gama gogewa daga ƙasa ba. Ta daɗe tana kallon wurin.

Ranar tafiya da safe matan unguwa suka shigo sallama. Sun kai goma, Iya Gana a gaba da jikanta a hannu. Suka jeru a inuwa, nesa da Wasila, suna yi mata fatan samun sauƙi. Hajiya na zaune a kujera ta riƙe Hajara a jikinta gam, tana faɗa musu yadda rabuwar ke yi mata ciwo.

Wasila ta aje ƙullin kayanta ta durƙusa a tsakiyar gida. Ita da ba a jin muryarta sai an matso, ranar kowa ya ji ta. Ta roƙi gafarar Hajiya, ta roƙi ta maƙwabta. Sannan ta ce akwai abin da ta ɓoye, ba ta son ta tafi da shi a wuyanta.

Ta ce, "Sarbetin nan da aka ƙona, da shi nake goge Hajara tun ranar da aka haife ta. Safe da yamma. Da bakina na tauna mata abinci. Kofin nan mai jan fenti, tare muke sha da ita har ranar da aka ɗauke ta. In sarbeti ya ba Aliya daga gogawa ɗaya, ban san abin da shekara biyar ta yi wa yarinyar nan ba. Na ga tana wasa da yaran unguwa, shi ya sa na ce in faɗa."

Iya Gana ta janye jikanta ta mayar da shi bayanta. Wata mata ta tuna jiya 'yarta ta sha ragowar kunun Hajara, ta fara salati. Idanu suka koma kan Hajiya da yarinyar da ke manne a ƙirjinta.

Hajiya ta buɗe baki. Ta san yarinyar lafiyarta lau, ta kuma san yadda aka yi ta sani. Kalma ɗaya za ta faɗa ta wanke jikarta, amma kalmar za ta wanke sarbeti, in sarbeti ya fita kuwa mata goma za su tambaya to wane ne. Ta rufe bakin. Hannunta ya saki kafaɗar yarinyar a hankali.

Iya Gana ta ce, "Hajiya, ai a ɗakinki take kwana."

Aka aika zaure. Alhaji ya shigo, aka maimaita masa a gaban mata. Ya dubi Wasila, ita kuwa ta dubi ƙasa kamar kullum. Ya gyara hula. Ya yi gyaran murya. Ya ce dama yana ta nazarin maganar nan kwana biyu, yarinya ƙarama wurin uwa ya fi dacewa da ita, addini ma haka ya ce, kuma shi ba ya cikin masu raba uwa da ɗa. A haɗa wa Hajara kayanta.

Matan suka ce Allah ya saka wa Alhaji, samun irinsa sai an tona.

Ba wanda ya yarda ya taɓa kayan yarinyar, Wasila ta shiga ɗakin Hajiya da kanta ta kwaso. Aliya na tsaye a bakin ƙofarta, hannu a kan ciki. Da Wasila ta zo wucewa ta ce mata a hankali, ba tare da ta tsaya ba, ta ja Nazir gidan likita ko da kuka ne, saboda abin da ke cikinta.

Ta ɗora ƙulli ɗaya a kai, ta rataya ɗaya, ta goya Hajara duk da ta wuce goyo. Suka bi lungunan Birni, ƙafa na nutsewa cikin rairayi. Labari ya riga su fita. Duk ƙofar da suka wuce sai an ja yaro ciki. Wasila ta san zai riga su isa Zermu ma, waya ta fi mota sauri, kuma sunan da ta ɗora wa 'yarta da bakinta ba yau zai goge ba.

Hajara ta leƙo ta kafaɗarta ta ce, "Inna, ba ni da lafiya?"

"Lafiyarki lau."

"Ke fa?"

"Ni ma."

Yarinyar ta kwantar da kai a bayan uwarta ta ce kanta na ƙaiƙayi. Wasila ta ce da sun isa za ta tsefe mata.

Ƙurajen Aliya sun sake dawowa kafin damina. Na ji an canja ƙyauren makewayi, an kuma sayar da akuya ɗaya da aka ce ta cika shiga ɗakin da Wasila ta bari. Nazir bai je gidan likita ba, ya ce hanya ta yi masa yawa. In yana gari yana fada, ana zagaya kofin shayi, ana tsokanarsa da angon bara.

Har yau a unguwarmu, in za a kai yarinya ɗakin miji, uwarta takan ja ta gefe ta gargaɗe ta kada ta kuskura ta ari sarbetin kowa, ta ba ta labarin gidan Alhaji Lawali. Ban taɓa jin an ja ango gefe ba.